Shafukan da Gara ta Cinye: Georges Simenon da Ɗan Sandansa Maigret

Littafin Georges Simenon na farko da ya shigo hannuna ba cikakke ba ne. Na saye shi a Garwa ta ƙasar Kamaru ina ɗalibin sakandare, a wurin wani dattijo da yake kasa tsofaffin littattafai a kan buhu a gefen babbar kasuwa, tsakanin mai sayar da batir da mai gyaran agogo. Ya yi mini kuɗi dala 60, na taya dala 30, muka daidaita a kan dala 40, wato sefa 200. Sai da na isa gida na zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu sannan na lura cewa gara ta riga ni zuwa ƙarshen labarin, domin ta cinye shafukan baya ƙaf, ta bar mini bango da wani guntun takarda mai huji-huji kamar rariya. Da na koma washegari ina ƙorafi, dattijon ya jujjuya littafin a hannunsa, ya miƙo mini, ya ce, "Yaro, ai da cikakke ne, da ba ka same shi a dala 40 ba." Na rasa abin da zan ce masa, na karɓi kayana na yi gaba.

Sunan littafin Le Chien jaune, wato kare mai launin ruwan ɗorawa, kuma an fara buga shi a 1931. Labarin yana faruwa ne a Concarneau, wani garin masunta da ke gaɓar teku a yammacin Faransa, cikin watan Nuwamba, lokacin iska da sanyi. An harbi wani ɗan kasuwa da dare a hanyarsa ta komawa gida, an sami guba a cikin abin shan manyan garin da suke taruwa kullum a mashayar wani otal, ga kuma wani baƙon kare da ba wanda ya san mai shi, wanda duk inda aka yi ɓarna sai a gan shi a wurin. Ni kuwa ina karanta wannan ne a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake hana ko ƙadangare yawo da rana, ban taɓa ganin teku ba, ban san wani ruwa da ya fi Binuwai girma ba, amma duk da haka na ji sanyin garin nan a jikina, na kuma gane mutanensa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan unguwarmu. Akwai likitan da tsoro ya hana shi sakat, akwai magajin garin da yake matsa wa ɗan sanda lamba ya kama wani, ko wane ne, don hankalin jama'a ya kwanta, akwai kuma Emma, yarinyar da take hidima a otal ɗin, wadda kowa yake aike amma ba mai duban fuskarta.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne rashin ƙarshen bai dame ni yadda na zata ba. A yawancin labaran binciken laifi, idan shafin ƙarshe ya ɓace to kuɗinka ya tafi a banza, domin an gina labarin ne gaba ɗaya a kan tambaya guda, wato wane ne ya aikata. A nan kuwa, kafin in kai inda gara ta tsayar da ni, na riga na fahimci cewa wata tsohuwar cin amana ce take bin manyan garin, kuma abin da ya fi cin raina shi ne in san yadda mutanen da ake gaisarwa da girmamawa a kan titi suka kai kansu ga wannan hali. Daga baya, da na karanta littattafansa da dama, na gane cewa a nan ne Simenon ya bambanta da sauran masu wannan sana'a.

An haife shi a birnin Liège na ƙasar Beljiyam a Fabrairun 1903. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ranar 13 ga wata aka haife shi, amma aka rubuta 12 a takardar haihuwa, saboda ranar ta faɗo Juma'a, kuma a wurin Turawa haɗuwar Juma'a da 13 ga wata ba alamar alheri ba ce. Ashe camfi ba mu kaɗai muka gaje shi ba. Mahaifinsa akawu ne a wani kamfanin inshora, mutum mai wadatar zuci wanda bai nemi abin da ya wuce albashinsa ba, mahaifiyarsa kuwa tsoron talauci bai taɓa barinta ba, har ta cika gidan da ɗalibai 'yan haya daga Rasha da Folan. Ya bar makaranta a 1918, sannan a farkon 1919, yana dab da cika shekara 16, ya sami aiki a jaridar Gazette de Liège, inda aka ɗora masa zagaya ofisoshin 'yan sanda yana tattaro ƙananan labarai na sata da faɗa da haɗari. Wannan aiki da manyan 'yan jarida suke rainawa shi ne makarantarsa ta gaskiya, domin a nan ya ga yadda laifi yake a zahiri, ba na attajirai a manyan gidaje ba, na talakan da bashi ko kishi ko wulaƙanci ya kai shi bango.

A Disambar 1922 ya koma Paris da niyyar ya ci abinci da alƙalaminsa. Ya riƙa kai gajerun labarai jaridar Le Matin, inda shahararriyar marubuciya Colette take kula da sashen adabi, ita kuwa ta riƙa mayar masa da su. Ya sha faɗa daga baya cewa shawara ɗaya ta ba shi wadda ta yi masa amfani har ƙarshen rayuwarsa, wato adon maganarsa ya yi yawa, ya cire shi duka. Ya ɗauki shawarar da gaske. Daga 1924 zuwa farkon shekarun 1930 ya rubuta littattafan kasuwa kusan 190, na soyayya da na kasada da na 'yan fashi, duk da sunayen aro irin su Georges Sim da Christian Brulls, kuma bai taɓa ɓoye cewa don kuɗi da koyon hannu yake yin su ba. Na kan kwatanta wannan da yaron tela da yake shekaru yana ɗinka wandunan makaranta kafin a yarda ya taɓa babbar riga.

Kuɗin da ya samu ya sayi jirgin ruwa da su, ya riƙa yawo a koguna da hanyoyin ruwan Faransa da maƙwabtanta, yana rubutu a cikin jirgin. A 1929 jirginsa mai suna Ostrogoth ya tsaya gyara a Delfzijl, wata tashar jiragen ruwa a arewacin Holan, kuma a nan ne ya ce surar wani ƙaton mutum mai nauyin jiki, mai babbar kwat da lofe a baki, ta zo masa a rai. Shi ne Jules Maigret, ana furta sunan Megre, kwamishinan 'yan sandan bincike na Paris. Mutanen garin sun riƙe wannan labari da hannu biyu, har suka kafa wa Maigret mutum-mutumi a 1966, mutumin da bai taɓa rayuwa ba sai a takarda.

Da kamfanin ɗab'i na Fayard ya yarda ya buga labaran, Simenon bai jira jama'a su gano shi a hankali ba. A Fabrairun 1931 ya shirya wani gagarumin biki a wani gidan rawa da ke unguwar Montparnasse, ya sa aka buga katin gayyata a siffar takardar da 'yan sanda suke cike wa mai laifi, ana ɗaukar zanen yatsun baƙi a bakin ƙofa. Washegari jaridu suka cika da labarin. A wannan shekara kaɗai littattafan Maigret fiye da 10 suka fito, kuma kafin 1932 ta ƙare har an fara mayar da su fim, ciki har da wanda Jean Renoir ya shirya. Daga 1931 zuwa 1972 ya fitar da littattafan Maigret 75 da gajerun labaransa 28, ban da wasu littattafai 117 da babu Maigret a cikinsu, waɗanda su ne shi kansa ya fi ɗauka da muhimmanci.

Yadda yake aikin ma abin a tsaya a duba ne. Kafin ya fara littafi yakan ɗauki ambulan mai ruwan ƙasa, ya rubuta sunayen mutanen labarin a bayansa, da shekarunsu, da adireshinsu, da danginsu, har da abubuwan da ba za su taɓa fitowa a cikin littafin ba, sunayen kuwa daga kundin lambobin tarho yake tsintar su. Ba ya tsara yadda labarin zai ƙare. Yakan sa likita ya duba shi, ya rataya alamar kada a dame shi a ƙofa, ya zauna gaban keken rubutu tun da asuba, ya rubuta babi guda a kowace rana ba fashi, har littafin ya kammala cikin kwana 8 zuwa 11. Ya ce a tsawon kwanakin nan yana shiga fatar mutumin da yake ba da labarinsa ne, kuma jikinsa ba zai iya ɗaukar wannan nauyi fiye da haka ba, shi ya sa littattafansa ba su da kauri. Idan ya gama sai ya bi rubutun yana yanke duk kalmar da ta shigo don ado kawai. Ya kuma ce da gangan ya taƙaita kansa a kan kalmomi kamar 2,000, irin waɗanda kowa ya sani. Wannan ne dalilin da ya sa yaro kamar ni, wanda Faransanci ya zo masa a bayan Hausa da Fulatanci, ya iya karanta shi ba tare da ƙamus a gefe ba, kuma har yau idan iyaye suka tambaye ni abin da za su ba ɗansu don Faransancinsa ya zauna, Simenon nake fara ambata, sai dai nakan gargaɗe su cewa mutanen littattafan nan ba sa rabuwa da kwalba.

Amma abin da ya ɗaure ni da shi na tsawon rai bai bayyana mini ba sai da na fara aiki. Na yi shekara 20 da 'yan kai ina tafinta a kotu, ina juya maganar masu ƙara da waɗanda ake ƙara daga Hausa da Fulatanci zuwa Faransanci. Wata rana aka gurfanar da wani dattijo manomi, wanda ake tuhuma da saran wansa da adda a kan iyakar gonar albasa. Alƙali ya ce in tambaye shi ko ya sare shi ko bai sare shi ba. Dattijon ya gyara tsayuwa, ya riƙe hularsa da hannu biyu a ƙirji, ya fara da cewa, "Ranka ya daɗe, shekarar da mahaifinmu ya rasu, ni ina da shekara 9, shi kuwa ya riga ya yi aure." Bai kai ga jimla ta uku ba alƙali ya ɗaga hannu, ya ce in gaya masa ya amsa da i ko a'a. Na ce, "Baba, an ce ka amsa da i ko a'a." Bai dubi alƙali ba, ni ya duba, ya ce, "Ɗana, in na ce a'a na yi ƙarya, in kuma na ce i kaɗai ban faɗi gaskiya ba." Na sake maimaita masa umarnin, ya yi shiru, sannan ya ce i. Wannan kalma guda ita na juya wa kotu, ita kuma magatakarda ya rubuta.

Ban ga laifin alƙalin ba, domin takardun shari'a sun taru a gabansa tsibi guda, kuma doka abin da aka aikata take tambaya. Sai dai na koma gida ranar nan da nauyin shekaru 50 na rayuwar mutum da suka tsaya a maƙogwarona ban juya su ba. Littattafan Maigret, a ganina, an rubuta su ne a kan wannan sashen da ake yankewa, daga shekarar da mahaifi ya rasu zuwa ranar da aka ɗaga adda.

Maigret ba ya rarrafe a ƙasa da gilashin ƙara girma yana neman tokar sigari, ba ya kuma tara jama'a a falo don ya nuna musu kaifin basirarsa. Idan ƙananan ma'aikatansa suka tambaye shi abin da yake tunani, sau da yawa amsarsa ita ce ba ya tunanin komai. Abin da yake yi shi ne ya je inda abin ya faru ya zauna, ya ci abin da mutanen wurin suke ci, ya shiga ɗakin mamacin ya zauna a kujerarsa, ya saurari mai gadin gida da mai shago da matar da aka bari, har sai ya jiƙa da rayuwarsu kamar soso a ruwa. Idan ya kawo wanda ake zargi ofishinsa da ke lamba 36, Quai des Orfèvres, a bakin kogin Seine, tambayar takan kai dare, kuma idan yunwa ta zo sai ya aika a kawo burodi da giya daga gidan abincin da ke kusa, nasa da na wanda yake tuhuma. Mutumin yakan faɗi gaskiya a ƙarshe, ba don an doke shi ko an yi masa tarko ba, sai don karon farko a rayuwarsa ya sami wanda ya bar shi ya fara daga tushe. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ko a fadar lamido ya ga yadda dattawa suke sulhu, suna barin kowa ya kwashe abin da ke cikinsa tun daga kakanni kafin a zo kan akuyar da ta ci shuka, zai gane wannan hanya. Sun san ruwa ba ya tsami banza.

Simenon ya ba Maigret tarihin da ya dace da wannan hali. Ɗan ƙauye ne, mahaifinsa wakili ne mai kula da gonakin wani babban gida, ya fara karatun likita ya bari bayan rasuwar mahaifin, ya shiga aikin ɗan sanda daga ƙasa. Sana'ar da ya so tun yana yaro babu ita a duniya, wato ya zama mai ɗinke ɓarakar rayuwar mutane. Taken da Simenon ya zaɓa wa kansa, wanda kuma ya dace da ɗan sandan nasa, shi ne a fahimta, kada a yanke hukunci. Na daɗe ina jayayya da wannan take a raina, domin al'ummar da ba ta hukunci ba za ta zauna lafiya ba, kuma wanda aka sara da adda shi ma yana da haƙƙi. Amma da na lura da kyau sai na ga galibi Maigret ba ya sakin masu kisa don ya ji tausayinsu, yana miƙa su ga shari'a, sai dai yana yin hakan ba tare da murna ba, kuma yawan saɓaninsa da alƙalin bincike Coméliau yana tasowa ne daga cewa alƙalin yana ganin takarda, shi kuwa ya ga ɗakin da mutumin yake kwana.

A 1934 Simenon ya yi wa Maigret ritaya, ya koma babban kamfanin ɗab'i na Gallimard, don yana so a ɗauke shi a matsayin marubucin adabi ba mai labaran 'yan sanda kawai ba, ko da yake daga baya ya dawo da shi. Littattafan da babu Maigret a cikinsu sun fi ɗaci, domin babu wani babba mai lofe da zai zo ya tattara abin da ya zube. A cikin L'Homme qui regardait passer les trains na 1938, wani ma'aikacin kamfanin jiragen ruwa a Groningen ta Holan, mai mata da 'ya'ya da gida mai kyau, ya gano a dare guda cewa maigidansa ya karya kamfanin kuma ajiyarsa ta tafi, sai kawai ya hau jirgin ƙasa ya bar komai, ya ƙare a Paris 'yan sanda suna farautarsa. A cikin Le Chat na 1967 kuwa, wani tsoho da matarsa ne suke zaman gaba a gida ɗaya, ba mai yi wa wani magana sai ta guntayen takardu, tun ranar da ya zarge ta da kashe masa kyanwa, amma kuma ba wanda zai iya rayuwa babu ɗayan. Na san gidaje biyu a unguwarmu da ba a rasa komai na wannan labari a cikinsu ba sai kyanwar. André Gide, wanda ya ci kyautar Nobel a 1947, ya ɗauki Simenon a cikin manyan marubutan Faransanci na zamaninsa, ya kuma daɗe yana musayar wasiƙu da shi.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da ya shafe mu kai tsaye. A 1932 ya yi tafiya a Afirka, ya bi ta Masar da Sudan ya shiga Kwango, wadda take hannun Beljiyam a lokacin, ya fito ta gaɓar yamma, ya kuma rubuta jerin rahotanni a mujallar Voilà da suka yi wa mulkin mallaka tsirara a daidai lokacin da ake tallarsa a Paris a matsayin aikin wayar da kai. Daga wannan tafiya ya fitar da Le Coup de lune a 1933, labarin wani saurayi Bafaranshe da ya sauka Libreville ta Gabon, ya faɗa hannun wata mai otal, aka kashe wani yaron otal ɗin baƙar fata, Turawan garin kuma suka haɗa baki aka ɗora kisan a kan wani ɗan ƙasa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wata mai otal ta gaske a Libreville ta ga kamar da ita ake, ta kai shi ƙara a kan ɓata suna, amma ba ta yi nasara ba. Na yaba masa da ya faɗi abin da ya gani a shekarun da faɗarsa ba ta da riba. Sai dai a matsayina na tafinta dole in ƙara da cewa baƙaƙen fatar littafin daga nesa ake hango su, ana ganin jikinsu da shirunsu amma ba a shiga zuciyarsu, kuma mutumin da ya iya shiga fatar akawun Holan da ta masuncin Faransa bai yi wannan ƙoƙari a kanmu ba.

Rayuwarsa ma ba ta rasa tabo ba. Yana matashi a Liège ya sa hannu a kan jerin maƙalu na ƙyamar Yahudawa. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Jamus ta mamaye Faransa, ya zauna a karkara ya ci gaba da samun kuɗi, har ya sayar wa Continental, kamfanin fim da Jamusawa suka kafa a Paris, haƙƙin wasu littattafansa, abin da ya jawo masa zargi bayan yaƙin. A 1945 ya tsallaka zuwa Kanada da Amurka, ya yi shekara 10 a can, ya rabu da matarsa ta farko ya auri ta biyu a 1950, auren da ya ƙare cikin tashin hankali, kuma shi da bakinsa ya riƙa alfahari da neman mata. Ƙanensa Christian, wanda ya bi ƙungiyar da ta mara wa Jamusawa baya a Beljiyam, ya shiga rundunar sojan Faransa ta baƙi, aka kashe shi a yaƙin Indocina, wato yankin Vietnam ta yau, a 1947.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa shi ne tsakaninsa da mahaifiyarsa. Ita Christian ta fi so, kuma ba ta taɓa yarda cewa arzikin babban ɗanta mai ɗorewa ne ba. Ya yi shekaru yana aika mata kuɗi, sai wata rana da ta ziyarce shi a katafaren gidansa na Suwizalan ta fito da kuɗin nan gaba ɗaya, ba ta taɓa ko sisi ba, ta mayar masa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan ciwo. A wurinmu ɗa yana fita neman duniya ne don ranar da zai ajiye wani abu a gaban uwarsa ta sa masa albarka, kuma mutumin da ake karanta littattafansa a harsuna da dama ya rasa wannan guda ɗaya. Ta rasu a 1970, bayan shekara 4 kuma ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi, Lettre à ma mère, wasiƙa zuwa gare ta, inda yake binciken ta kamar yadda Maigret yake binciken baƙo, yana neman abin da ya mayar da ita haka.

Girmamawa dai ya same ta. An karɓe shi a majalisar masana adabi ta masarautar Beljiyam a 1952, ya shugabanci alƙalan bikin fina-finai na Cannes a 1960, ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Amurka ta ba shi babbar lambarta a 1966, ana kuma ƙiyasta cewa an sayar da littattafansa fiye da miliyan 500. Nobel ce kawai ba ta zo ba, ko da yake ya sa rai. A Satumbar 1972 ya zauna ya cike ambulan ɗinsa don sabon littafi kamar yadda ya saba, labarin ya ƙi zuwa, sai ya ajiye sana'ar baki ɗaya, har ya sa aka rubuta a fasfo ɗinsa cewa ba shi da sana'a. Ya bar babban gidan ya koma wani ƙarami a Lausanne, yana faɗa wa rikoda tunaninsa. A 1978 'yarsa tilo mace, Marie-Jo, ta kashe kanta a Paris tana da shekara 25, kuma littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1981 da ita yake magana a cikinsa. Ya rasu ranar 4 ga Satumba 1989 yana da shekara 86. A 2003, shekara 100 da haihuwarsa, aka shigar da shi jerin Pléiade, inda Faransawa suke ajiye marubutan da suka tabbatar ba za a manta da su ba. Da yawa daga cikin tsarata a nan ba ta littafi suka san Maigret ba, ta talabijin ne, a fuskar Bruno Cremer, wanda ya fito a matsayinsa sau 54 daga 1991 zuwa 2005.

Cikakken kwafin Le Chien jaune bai zo hannuna ba sai bayan na bar aiki, lokacin da wani ɗan ƙanena da yake karatu a Yawunde ya tsinto mini shi a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, ya ba wani direba ya kawo. Wanda bai karanta ba kuma yake da niyya, ya tsaya a nan. Sunan wanda ya kitsa ɓarnar bai ba ni mamaki ba, domin shi na zarga tun ina gindin dalbejiya. Abin da ban taɓa zata ba yana wani wuri dabam. Ashe Emma ce ta zuba gubar nan a cikin kwalba, saboda mutanen da suke zaune a teburin su ne suka ci amanar saurayinta matuƙin jirgin ruwa, suka sa ya yi shekaru a kurkuku a Amurka, ita kuma suka mayar da ita abin wasansu. Ba wanda ya mutu da gubar tata. Da aka taru ana warware al'amarin a gaban magajin gari, aka zo kan tambayar wanda ya taɓa kwalbar, sai Maigret ya ce shi ne ya zuba, don ya ga yadda mutanen za su yi. Maganar ta tsaya a nan, yarinyar ta bar garin tare da saurayinta. Na karanta wurin sau biyu, sannan na ɗauko tsohon kwafina daga akwati na jera su, na ƙirga abin da gara ta ci, na tarar shafi 14 ne.